Lambu Bisa Ruwa

A ƙauyenmu na Nazirpur, can kudancin Bangladesh,
wata shida ƙasar tamu ce, wata shida ta ruwa.
Damina na sauka gonar Baba ta nutse,
sai kan ayaba ke leƙowa.

Cin abinci a gidanmu layi ne.
Baba Tofazzal a gaba, hannunsa na ƙarnin koma,
sai yayyena biyu, sai kaka,
sai ni da ƙanena Liton a gefen tabarma.
Inna Monowara ce ƙarshe.
Takan tsuguna bayan murhu, ta ba mu baya,
ta kankare ƙanzo, gishiri kaɗan, barkono ɗaya,
ta ce, "Ni ai na ƙoshi tun ina girki."
Shekara tara ina haɗiye wannan ƙarya.

Sai Liton ya fara dundumi.
Rana na faɗuwa ya hau laluben bango,
yana kiran Inna, alhali ga ta gabansa.
Malamar asibiti ta zagaya damtsensa da ma'auni,
ta ce a ba shi ganye, da ƙwai, da ƙananan kifi.
Inna ta gyaɗa kai kurum.
Wa zai gaya wa malama
kuɗin cefane a aljihun wani suke kwana?

Mata bakwai suka ƙulla adashi,
taka goma goma cikin gwangwanin madara.
Ranar kwasar Inna ta sayo iri,
ta shiga ruwa har ƙirji,
tana janyo kainuwa, tana jibgewa, tana tattakewa,
ta bar ta ta ruɓe, ta yi baƙi, ta yi laushi.
Kainuwa dashen Allah,
sai ga ki kin zama gonar mace marar fili.

An yi dariya a mashaya.
Baba ya ce, "In mace ta riƙe filafili,
me ya rage wa namiji a jirgin?"
Inna ba ta tanka ba, tana tsirga iri.

Alayyafo ja ne ya fara amsawa,
sai kuɓewa, sai kabewa mai nauyin jariri.
Ruwa ya ƙaru, lambun ya tashi tare da shi.
Ƙananan kifi suka tare a inuwarsa,
muna cinye su har kai, har ƙaya.
Ta kai dashe kasuwar jirage ta sayar,
ta ƙulle kuɗin a bakin zanenta,
ta sayo agwagwa uku.
Ƙwan farko dillali ya taya.
Ta dafa, ta ɓare, ta sa wa Liton a baki.

Wata magariba ta jera kwanuka bakwai.
Na ƙirga, na sake ƙirgawa.
Ta raba daidai, ta ɗauki nata,
ta zauna cikinmu, fuska na kallon fitila.
Kaka ta yi tarin da ba na mura ba.
Baba ya dubi kwanonta, ya dubi nasa,
ya daɗe, sannan ya yi bismilla.
Bai taɓa ba ta haƙuri ba, har ya rasu.
Amma da asuba na gan shi durƙushe a laka,
yana liƙe ɓular jirginta da kwalta.

Liton yanzu direban dare ne a Barisal.
Ni ce ke zagaya damtsen yara da ma'auni.
In na gama da yaro nakan dubi uwar:
"Ke fa, me kika ci jiya?"
In ta ce ta ƙoshi tun tana girki,
sai in ajiye biro,
in jawo mata kujera.